Yadda muka sallami gulp muka koma npm run, da shafin farko da ya ɓace mana

Aikin nan gadonsa muka yi, ba mu muka fara shi ba. Shafin yanar gizo ne na wata ƙungiya, babu wani abin mamaki a ciki, HTML ne da Sass da JavaScript ɗan daidai, sai folda guda ta hotuna. Wanda ya gina shi tun asali ya daɗe da barin aikin, ya bar mana gulpfile.js, wato fayil ɗin umarnin gulp, manhajar da ke sarrafa fayilolin shafin ta gina shi, mai tsawo kamar wasiƙar bankwana, kuma babu ko layi ɗaya na bayani a ciki. Mu uku ne a kan aikin, ni ina kan Linux, abokiyar aikina tana kan Windows, sai wani yaro da ya zo koyon aiki shi kuma da tsohuwar Mac ɗinsa. Wannan bambancin na kwamfutocin ku riƙe shi don shi ne rabin labarin.

Abin da gulpfile ɗin yake yi guda shida ne idan ka cire surutu. Ya goge foldar dist, inda ake zuba shafin da aka gama ginawa, ya juya Sass ya koma CSS, ya ƙara wa CSS ɗin ɗafe-ɗafen da tsoffin burauza ke buƙata, ya haɗe fayilolin JavaScript ya matse su, ya kwafi HTML da hotuna, sannan ya zauna yana gadi in ka canza fayil ya sake yi ya sabunta burauza. Shikenan fa. Amma kowanne daga cikin ayyukan nan yana da filogin ɗinsa, gulp-sass, gulp-autoprefixer, gulp-concat, gulp-uglify, gulp-rename, gulp-sourcemaps, har da wasu guda biyu da har yau in ka tambaye ni amfaninsu sai dai in ɗaga kafaɗa.

Ranar da abin ya fashe

Yaron ne ya fara cin karo da shi. Ya sauko da kod ɗin, ya yi npm install (npm ita ce manhajar da ke sauko da fakej ɗin da aikin ke buƙata), ya buga gulp, sai ga jan rubutu:

ReferenceError: primordials is not defined

Ya juyo da kwamfutar yace "oga don Allah duba min, wallahi ban taɓa komai ba". Kuma gaskiyarsa, bai taɓa ba. Laifinsa kawai ya saka sabon Node, manhajar da gulp ke gudana a kanta. Gulp ɗin da ke aikin siga ta 3 ne, ita kuma tana jingine da wata tsohuwar graceful-fs da ke shiga cikin hanjin Node tana yi wa sashen fayil kwaskwarima, to tun daga Node 12 da ya fito a 2019 aka canza hanjin, dabarar ta daina aiki. Ni abin bai taɓa kama ni ba saboda ina da tsohon Node da nake ajiye wa wannan aikin shi kaɗai, na ma manta da na yi hakan, sai na zama kamar mai cewa ai ni lafiyata ƙalau alhali magani nake sha kullum.

Na ce to mu ɗaga zuwa gulp 4 mana, ai tun 2018 ta fito. Nan ma tsugune ba ta ƙare ba. Gulp 4 ta canza yadda ake jera ayyuka, tsohon salon da kake ba aiki jerin sunayen waɗanda za su riga shi ya tafi, sai ka sake rubutawa da gulp.series da gulp.parallel. Wannan da sauƙi, yini guda ne. Matsalar na gaba, gulp-sass ɗin da muke da ita node-sass take ja, ita kuma node-sass kowace siga tata da sigar Node ɗin da take yarda da ita, in ba su dace ba sai ta ce bari ta gina kanta a kan kwamfutarka, a nan ne za ta fara tambayarka ina Python, ina kayan haɗa C++, abokiyar aikina a Windows ta kwashe rabin yini tana wannan fama. Kuma tun 2020 masu Sass ɗin da kansu suka ce a bar LibSass da node-sass a koma Dart Sass. Sai gulp-uglify, tsohuwar sigar da ke wurin ko const da aikin kibiya na sabon JavaScript ba ta ganewa, shi ya sa ashe duk kod ɗin shafin yake a tsohon yayi, ba don wanda ya rubuta bai iya ba, injin matsewar ne ya ɗaure masa hannu.

Da na zauna na jera matsalolin a takarda sai na ga wani abu da ya ba ni haushi. Sass lafiyarsa lau, ana ta sabunta shi. Autoprefixer ma haka. Duk inda ciwo yake, a jikin dillalin da ke tsakaninmu da kayan aikin yake. Filogin ai dillali ne, wani bawan Allah ne ya rubuta ƴan layuka da za su karɓi fayil daga gulp su miƙa wa ainihin kayan aikin su dawo da shi, to ranar da ya samu wani aikin ko ya gaji, sai ka tsaya cak kana kallon sabuwar siga ta wuce ka. Ba zargin kowa nake ba, kyauta suka yi mana, kuma a lokacinsu Grunt, mai aiki irin na gulp, da Ben Alman ya fitar a 2012 da gulp da ya biyo baya a 2013 sun fitar da mutane kunya sosai. Amma mu a ranar, kusan duk kayan da muke buƙata suna da umarninsu da za ka buga kai tsaye a taminal.

Abin da muka yanke

Hanya uku ce a gabanmu. Mu daskarar da tsohon Node mu bar kaza cikin gashinta, wanda ke nufin duk wanda ya zo bayanmu sai ya sha irin wahalar yaron nan. Ko mu gyara gulp ɗin filogin bayan filogin. Ko kuma mu cire shi gaba ɗaya mu zuba ayyukan a sashen scripts na package.json, fayil ɗin da dama dole yana nan tunda da shi npm ke sanin fakej ɗin da aikin yake buƙata.

Abokiyar aikina ta so mu tafi Vite, wani sabon kayan gina shafi, kai tsaye, tace tunda za a rushe a gina na zamani mana. Ban ƙi ta tata ba, Vite kayan aiki ne mai kyau, amma shafin nan shafuka ne tsayayyu da JavaScript ɗan kaɗan, ban ga dalilin sake masa tsari ba. Kuma na nuna mata cewa ko sabon aikin Vite ka buɗe, abin da za ka tarar a package.json shi ne dev da build da preview a ƙarƙashin scripts, wato shi ma ta wannan ƙofar ake shigarsa. Duk ranar da muka so shi layi ɗaya za mu canza, kowa ya ci gaba da buga npm run build ɗinsa kamar ba a yi komai ba.

Sirrin da ya sa abin yake aiki ƙarami ne kuma mutane da yawa suna amfani da shi ba su san shi ba. Idan ka saka fakej mai umarni, npm yana ajiye masa hanya a foldar node_modules/.bin. Idan ka ce npm run wani abu, npm yana cusa wannan foldar a gaban PATH, jerin foldojin da kwamfuta ke neman umarni a ciki, kafin ya miƙa layin ga shel, firogiram ɗin da ke karɓar umarni a taminal. Saboda haka in ka rubuta sass a sikirif, sass ɗin aikin ne zai amsa, da sigar da aka rubuta a package-lock.json, ba wanda ke yawo a kwamfutarka ba. Babu sauran "ka saka gulp-cli a duk kwamfutar tukuna". Ka sauko da kod, npm ci, npm run build, ka gama.

Zubin farko, wanda ni na rubuta kuma na yi ta fahari da shi

"clean": "rm -rf dist",
"css": "sass src/scss:dist/css --style=compressed",
"js": "esbuild src/js/main.js --bundle --minify --sourcemap --outfile=dist/js/app.js",
"html": "copyfiles -u 1 src/**/*.html dist",
"prebuild": "npm run clean",
"build": "NODE_ENV=production npm run css && npm run js && npm run html",
"dev": "npm run watch:css & npm run watch:js & npm run serve"

A wurina ya tashi tas. Layin esbuild ɗin nan shi kaɗai ya cinye aikin filogin uku, haɗewa da matsewa da taswirar kod, kuma da yake Evan Wallace da yaren Go ya rubuta shi, kafin ka ɗauke yatsa daga madanni ya gama, har sai da na leƙa dist don na ɗauka bai yi komai ba. Na tura, na rubuta musu "an gama, gulp sai wata rana".

Minti goma ba a yi ba abokiyar aikina ta turo hoto. Windows yana cewa bai san wani abu wai shi rm ba. Tace "Malam, an gama ɗin kenan?"

A nan na fahimci kuɗin da ake biya in an kori dillali. Gulp duk da laifinsa JavaScript yake ji, kuma JavaScript iri ɗaya ne a ko'ina. Sikirif ɗin npm kuwa layi ne kawai da ake miƙa wa shel, a Linux da Mac sh ne ke karɓa, a Windows cmd.exe ne, kuma su biyun nan ba yare ɗaya suke ji ba. rm babu shi a cmd. Rubuta NODE_ENV=production a gaban umarni ma cmd zai ɗauka sunan wani firogiram ne ya tafi nema. Kuma ko a Linux ɗin ma na yi kuskure a wannan layin, don saitin a umarnin farko kawai yake tsayawa, bai kai ga js da ke bayan && ba, abin da ban lura ba sai da na dawo gyara.

Wanda ya fi ba ni dariya daga baya shi ne alamar & guda ɗaya. A sh ma'anarta tura wannan baya ka ci gaba da na gaba, wato su tafi tare. A cmd ma'anarta gama wannan sannan ka yi na gaba. To mai gadin CSS ai ba ya gamawa, aikinsa kenan ya zauna har abada, saboda haka a kwamfutar abokiyar aikina watch:css ya tashi ya zauna daram, JavaScript da saba suna layi suna jiran ranar da ba za ta zo ba, babu jan rubutu babu komai, taminal shiru kamar komai lafiya, ita kuma tana ta sabunta burauza tana ganin ba a samu shafin ba. Ni kuma a nawa ɓangaren & ɗin wani ciwon yake ba ni, wani lokacin in na kashe dev sai wani aikin ya maƙale a baya ya riƙe ƙofar saba, in na sake tayarwa a ce min ƙofar da mai ita.

Gyaran bai yi wuya ba. rimraf ya maye gurbin rm, shi ma Isaac Schlueter ne ya rubuta shi, mutumin da ya ƙirƙiro npm ɗin a 2010. cross-env ya ɗauki saita NODE_ENV. Jera ayyuka kuma muka ba run-s da run-p, na farko ɗaya bayan ɗaya, na biyu gaba ɗaya, kuma in ɗaya ya faɗi sai su tsayar da sauran. Ga abin ban haushin, asalin fakej ɗin npm-run-all da ya kawo su shi ma tun 2018 bai sake fitar da siga ba, sai reshensa npm-run-all2 muka ɗauka. Wato an gudu ba a tsira ba, mun kori dillalai takwas mun ɗauko uku. Bambancin dai waɗannan ƙananan ba su tsaya tsakaninmu da Sass ko esbuild ba, in ɗaya ya mutu gobe, concurrently mai aiki irin na run-p na nan, kuma Node kansa yanzu yana da fs.rm da zai goge folda da duk abin da ke cikinta.

Shafin farko da ya ɓace

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka, don sauran matsalolin suna ihu ka ji su, wannan kuwa shiru ya yi.

An kwashi makonni komai na tafiya daidai. Sai aka buƙaci sabon sashe a shafin, abokiyar aikina ta buɗe folda src/labarai ta saka shafuka biyu a ciki, ta yi build a kwamfutarta, komai ya fito, index.html na nan, sababbin na nan. Ta tura. Injin da ke gina mana shafin yana ɗora shi a saba, wanda Linux ne, ya yi aikinsa ya nuna kore. Can da yamma sai ga saƙo daga masu shafin, wai sun shiga adireshinsu ba su ga komai ba.

Na buɗe dist ɗin da injin ya gina. Foldar labarai na nan da shafukanta biyu. index.html babu, about.html babu, duk wani HTML da ke saman src babu. Kuma tsarin ɗorawar namu yana goge duk abin da ba ya cikin sabon dist, saboda haka ya bi su ya share a saba tsaf.

Na fi awa ina zargin copyfiles, har na fara neman madadinsa. Sai yaron nan, wanda a lokacin ya fara buɗe ido, yace "oga me zai hana mu saka echo a gaban layin mu ga abin da ake miƙa masa?" Na yi. Abin da ya fito fayil biyu ne kacal, na cikin labarai.

Ga yadda abin yake. Na rubuta src/**/*.html tsirara babu alamar zance. A Windows cmd ba ya taɓa taurarin nan, yana miƙa su yadda suke ga copyfiles, shi kuma ya san ** na nufin kowace folda komai zurfinta har da saman, sai ya kwaso komai. A Linux kuwa sh ne ke fara kama layin, kuma shi ** a wurinsa daidai yake da * guda ɗaya, wato folda ɗaya tak a ƙarƙashin src. To me ya sa bai fashe tun farko ba? Saboda a da babu wani HTML a cikin ƙaramar folda, sh ya duba bai samu ko ɗaya ba, kuma ɗabi'arsa in bai samu abin da ya dace ba sai ya miƙa rubutun yadda yake, copyfiles ya karɓa ya yi daidai. Duk makonnin nan sa'a ce kawai ke riƙe da mu. Ranar da aka saka shafi a ƙaramar folda sh ya samu abin kamawa, ya fassara taurarin da kansa ya miƙa fayil biyu, copyfiles ya kwafi biyun da aka ba shi ya fita da lambar 0, wadda ke nufin lafiya lau. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa ya yi aikin da aka ba shi.

Maganin alamar zance biyu ne. Kuma dole mai ƙafa biyu, don mai ƙafa ɗaya cmd ba ya ɗaukarta a matsayin alamar zance, ita kuma mai ƙafa biyun a cikin JSON sai ka sa mata karkatacciyar sanda a gaba, shi ya sa layin ya zama mummuna haka:

"html": "copyfiles -u 1 \"src/**/*.html\" dist"

Na ba abokiyar aikina haƙuri don da farko ita na fara tambaya me ta taɓa, tace "ba komai Malam, amma gobe ka fara duba naka".

Bayan wannan muka ƙara wani ɗan sikirif mai suna check a ƙarshen build, fayil ne na Node layi kaɗan da ke duba ko index.html da app.js da CSS ɗin suna dist kuma ba fanko ba ne, in babu ya fita da lambar 1, injin ya nuna ja, ba a ɗora komai ba.

Yadda yake yanzu

"clean": "rimraf dist",
"lint": "eslint src/js",
"css:sass": "sass src/scss:dist/css --style=compressed",
"css:prefix": "postcss \"dist/css/*.css\" --use autoprefixer --replace",
"css": "run-s css:sass css:prefix",
"assets": "run-p css js html img",
"check": "node scripts/check.js",
"build": "run-s lint clean assets check",
"dev": "run-p watch:* serve"

Za ku lura prebuild ya tafi. npm yana da wannan al'adar, duk sikirif da sunansa ya fara da pre ko post yana tashi da kansa kafin ko bayan mai sunan, kuma da farko abin ya burge ni. Amma mai karanta layin build ba ya ganin clean a ciki, sai ya san al'adar. Kuma ba kowa ke bin ta ba, Yarn, takwaran npm, daga siga ta 2 ba ya tayar da pre da post na sikirif ɗin da kai ka ƙirƙira, haka ma node --run da ya zo da Node 22 a 2024, tsallake su yake. Yaron ya gwada node --run build don yaji ance ya fi sauri, tsoffin fayiloli suka zauna a dist ɗinsa yana ta mamaki. Sai muka ce komai a rubuta shi a fili a layi ɗaya.

Wata ƙa'idar da muka sa wa kanmu, in layi ya kai ga sai ka ja allo gefe kafin ka ga ƙarshensa, ko ya fara buƙatar "in kaza to kaza", ya bar package.json ya koma foldar scripts a matsayin fayil na Node. JSON ba ya karɓar sharhi, ba za ka iya rubuta wa na bayanka dalilin wata tuta ba, kuma na taɓa ganin aikin da sikirif ɗinsa suka yi yawa har gulpfile ɗin da muka gudo ya fi su daɗin karantawa. Lambar sigar shafin ma da muke bugawa a ƙasan kowane shafi ta nan muka bi, don npm yana ba ka ita a npm_package_version amma a sh da alamar dala ake kiranta, a cmd kuma da alamar kaso gaba da baya, a cikin Node kuwa process.env ne a ko'ina.

Abu biyu da kullum nake nuna wa sabon zuwa. In ka buga npm run shi kaɗai zai jero maka duk sikirif ɗin da ke akwai, wannan ya zama mana rabin takardar bayani. Sannan in kana so ka ƙara wa umarni tuta ba tare da ka taɓa fayil ba sai ka raba da sanda biyu, npm run lint -- --fix, in ka manta sandunan npm zai ɗauka da shi kake ya haɗiye tutar.

Akwai abin da muka rasa, ba zan ɓoye ba. Gulp yana wuce fayil daga mataki zuwa mataki a cikin ƙwaƙwalwa, mu kuwa sass sai ya rubuta a faifai sannan postcss ya sake karantawa ya sake rubutawa, kuma kowane npm run sabon aiki ne da ake tayarwa daga farko. A shafi irin namu ba ka ma ji, amma da fayiloli dubbai ne da matakai goma a jere da zan sake tunani. Kuma a lokacin dev mai gadin Sass ba ya bi ta autoprefixer, saboda haka abin da kake gani a burauza ba shi ne ɗari bisa ɗari abin da zai hau saba ba, mun sani mun bar shi haka don har yanzu bai cije mu ba.

Hotuna ne kaɗai ban gama da su ba. Tsohon gulpfile yana rage musu nauyi, na yanzu kwafa kawai yake yi, na ce zan rubuta ɗan fayil da sharp, fakej ɗin sarrafa hoto, ya riƙa yi, yaron yace a bar masa zai gwada. gulpfile.js kuwa abokiyar aikina ce ta goge shi da hannunta, tace tunda ita ta fi kowa shan wahalarsa ita ya kamata ta danna.